Ya sake ni, ya riƙe 'ya'yana da kayana, ya cire mini haƙori: caji ofis zan je ko gaban alƙali?

Tambaya: Barista, ni mazauniyar Kano ce, shekarata 9 a gidan miji, 'ya'yanmu uku: namiji ɗan shekara 8, mace 'yar shekara 5, da na goye wanda nake shayarwa. Saɓani ya haɗa mu da maigidana, ya doke ni har haƙorina na gaba ya fita, sannan ya rubuta mini saki ɗaya ya kore ni da dare. Ya hana ni manyan yaran biyu, ya kulle ɗakina da kayana a ciki, kuma na ji labarin ya sayar da sarƙar gwal da na ba shi ajiya. Yayana ya ce mu kai shi caji ofis a tilasta masa ya kawo yaran. Danginsa kuma suna cewa idan na kai ƙara za su sa a kama mahaifina a kan kuɗin lefe. Mece ce mafita?

Amsa: Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa, ya kuma kawo miki sauƙin wannan al'amari. A wajenki abin da ya faru guda ɗaya ne, amma a wajen doka ya rabu gida biyu, kuma kowanne da inda ake kai shi. Maganar yara, ciyarwa, idda da kayan ɗaki ta alƙalin kotun shari'ar Musulunci ce. Maganar duka da sarƙar da aka sayar laifi ne, ta 'yan sanda ce da kotun da ke hukunta masu laifi. Mata da yawa suna asarar haƙƙinsu saboda sun kwashi komai sun kai wuri ɗaya, a can aka yi ta juya su har suka gaji suka ce sun bar wa Allah.

Saboda haka shawarar yayanki, duk da cewa kishinki ne ya sa shi, ba za ta dawo miki da yaran ba. Ɗan sanda ba shi da ikon yanke hukuncin wanda zai riƙe ɗa tsakanin uwa da uba. Iyakar abin da zai iya shi ne ya kira ku ya yi muku magana, in an yi sa'a mijin ya ji tsoron kaki ya miƙo su yau, jibi ya je makaranta ya ɗauke su, ke kuma ba ki da wata takarda a hannu da za ki nuna. Odar alƙali ce kaɗai ke ɗaure shi.

Kafin ki je ko'ina, ki fara zuwa asibiti, in ba ki riga kin je ba. Asibitin gwamnati ya fi, domin rahotonsa kotu ta fi saurin karɓa, kuma likitansa ya fi sauƙin kira ya ba da shaida. Ki yanki kati, ki gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru, kada ki ce faɗuwa kika yi a banɗaki don jin kunya. Abin da kika faɗa ranar farko shi zai zauna a fayil, kuma lauyan mijinki zai karanto shi a gaban kotu. Ki nemi likitan haƙori ya duba ya rubuta. A ɗauki hoton bakinki da duk inda ya kumbura, a tura wa wani amintacce ko da wayarki za ta ɓata. Takardar sakin kuma ki yi mata hoto da kwafi, ki ba mahaifiyarki ta asalin ta ajiye. Kumburi yana sacewa cikin mako guda, kuma abin da ya warke ba tare da an rubuta shi ba, tabbatar da shi a kotu wahala ne.

Yanzu maganar yara, wadda na san ita ta fi ci miki rai. Kotunan shari'a na Arewa suna hukunci ne da mazhabar Malikiyya, littattafan da alƙali zai buɗe su ne irin su Risala, Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam. A wannan mazhaba, idan aure ya mutu uwa ce ke da haƙƙin riƙon 'ya'ya, namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta. Maganar da kike ji a unguwa cewa da an yaye yaro, ko da ya kai shekara 7, ya zama na uba, al'ada ce kawai, ba ita alƙali zai bi ba. Ɗanki mai shekara 8 da 'yarki mai shekara 5 duk suna cikin shekarun da riƙonsu naki ne. Uba yana nan da matsayinsa na waliyyi: shi ke ciyarwa, yana da ta cewa a karatunsu da tarbiyyarsu, yana da damar ganinsu, kuma alƙali zai tsara yadda za a riƙa ziyara. Amma inda za su kwana, wajenki ne.

Akwai abubuwan da ke zubar da wannan haƙƙi, kuma gara ki san su tun yanzu. Na farko shi ne ki sarayar da shi da kanki ba tare da wani uzuri ba. A mashahurin zance na Malikiyya, uwar da ta ce ta bar wa uba yara da son ranta, ba ta da damar dawowa daga baya ta ce ta fasa. Don haka duk zaman sulhun da za a kira ki, a gidan mai unguwa ne, a masallaci ne, a ofishin Hisba ne, idan aka miƙo miki takarda mai cewa kin amince yara su zauna wajen mahaifinsu, kada ki sa hannu, kada ki dangwala. Irin wannan jumla ana yawan cusa ta a tsakiyar maganar kayan ɗaki, a ce miki ki karɓi kayanki a wuce wajen. Ko shirun da ya yi tsawo yana iya zama hujja a kanki, domin lauyansa zai ce wata nawa yara suna hannunsa ba ki neme su ba.

Na biyu shi ne sabon aure. Idan kika auri wanda ba muharramin yaran ba kuma kika tare, riƙo ya bar hannunki, kuma ko auren ya mutu daga baya ba ya dawowa. Sai dai abin da maza da yawa ba su sani ba shi ne, ba wajen uba yake tafiya kai tsaye ba. Mahaifiyarki ce ke biye da ke, sannan 'yar'uwarki ta jini, wato innar yaran, kafin a zo ga dangin uba. Haka kuma idan mai haƙƙin karɓa ya san kin yi aure ya yi shiru har shekara ta zagayo, ba zai zo daga baya ya ce a ƙwace ba. Sauran dalilan su ne taɓin hankali, ciwo mai yaɗuwa da zai cutar da yaro, rashin amana a addini, rashin wuri mai tsaro musamman ga 'ya mace, ko uba ya ƙaura ƙaura ta zama zuwa gari mai nisan gaske. Ki sa rai zai jefe ki da ɗaya daga ciki, galibi na tarbiyya, amma alƙali zai nemi ya kawo shaida.

Ciyarwa kuma tana kan uba ko yaran suna hannunki: abinci, sutura, magani, makaranta da rabonsu na wurin kwana, gwargwadon ƙarfinsa da tsadar rayuwa a garin. Wani abu da ke sa nake matsa wa mata su shigar da ƙara da wuri shi ne, ciyar da 'ya'ya na watannin da suka wuce ba ya zama bashi a kan uba kai tsaye, sai in alƙali ya riga ya yanka masa adadi, ko kuwa wanda ya ciyar ya tabbatar da cewa ba kyauta ya yi ba. Idan kika shekara biyu kina ɗawainiya da kuɗin ɗinkinki sannan kika zo neman na baya, za ki sha wahalar samu. Ki je da lissafi a rubuce: kuɗin makaranta da rasit, kuɗin asibiti, abin da yara ke ci a wata. Ki kuma faɗa wa kotu sana'arsa da abin da kika sani na samunsa, domin a gaban alƙali kowane magidanci talaka ne.

Saki ɗaya ya yi miki, kuma wannan yana da fuska biyu. Muddin kina cikin idda, ciyar da ke da wurin zamanki suna kansa, kuma ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da mace daga ɗakinta a lokacin idda, don haka korar da ya yi miki da dare ta saɓa wa shari'a. Ban ce ki koma gidan da aka cire miki haƙori ba, kuma wadda aka kora ba a kiranta mai yaji, haƙƙinta bai faɗi ba. Ɗaya fuskar ita ce yana da damar yin kome, wato ya mayar da ke, kafin idda ta cika, ba sai da yardarki ba. Iddarki tsarki uku ce, kuma tunda kina shayarwa, in jini ya ɗauke miki saboda goyo to jiransa za ki yi, iddar tana iya tsawo fiye da yadda kike zato. Na sha ganin miji ya karɓi sammaci da safe, da yamma ya aiko cewa ya mayar da matarsa, don kawai ya kashe maganar riƙon yara. Idan haka ta faru kuma ba kya son komawa, kada ki yi gaggawar neman hul'i ki biya shi kuɗi. Ki nemi alƙali ya raba auren saboda cutarwa. Malikiyya ta ba alƙali wannan iko idan cutarwa ta tabbata, ko da shaidun gani da ido ko da labarin da ya bazu tsakanin maƙwabta, kuma sakin da alƙali ya yi a kan cutarwa miji ba shi da damar mayar da ke a cikinsa, ba kuma za ki mayar da sadaki ba. Ko matar da ta riga ta fanshi kanta, in ta tabbatar da cewa cutarwa ce ta tilasta mata, tana iya karɓo abin da ta biya. A nan ne rahoton likitan nan zai yi miki aiki karo na biyu.

Kayan ɗaki ba su da wahala sosai. Gado, katifa, kujeru, kwanuka da duk abin da iyayenki suka kai ki da shi naki ne. Idan aka yi jayayya a kan wani abu kuma babu shaida, ƙa'idar ita ce abin da aka san na mata ne a ba mace bayan ta yi rantsuwa, abin da aka san na maza ne ko na kowa da kowa a ba miji bayan ya rantse. Saboda haka firiji, talabijin da janareto su ne wuraren rigima, su za ki nemo wa rasit ko matan da suka yi miki jere. A shari'ar dukiya ana karɓar namiji ɗaya da mata biyu, ana kuma karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Ki roƙi kotu tun zaman farko ta tura ma'aikacinta a buɗe ɗakin a rubuta abin da ke ciki. Kada yayanki ya je ya ɓalle ƙofa, domin daga nan shi zai koma wanda ake tuhuma.

Shigar da ƙarar ba ta buƙatar lauya. Za ki je kotun shari'a ta yankin da mijin yake zaune, ki faɗa wa magatakarda abin da kike nema, ki biya kuɗin ƙara da na sammaci, ki karɓi rasit. Ki ambaci buƙatunki ɗaya bayan ɗaya a rubuta su duka, domin alƙali ba ya ba da abin da ba a roƙa ba.

Sai ɓangaren laifi. Za ki ji wani ya ce ai doka ta yarda miji ya hori matarsa. Yana nufin sashe na 55 na Finalkod, dokar laifuffuka da Arewa ke aiki da ita tun 1960, wanda ya ɗauke laifi daga mijin da ya yi horon da al'adarsu ta yarda da shi. A ganina wannan sashe ya daɗe da cancantar a goge shi, amma ko a yadda yake bai kare mijinki ba, domin sharaɗinsa shi ne kada abin ya kai rauni mai tsanani. Sashe na 241 ya lissafa raunuka masu tsanani, kuma karya ko gusar da ƙashi ko haƙori yana cikinsu, haka ma duk raunin da ya hana mutum harkokinsa har kwana 20. Hukuncinsa a sashe na 247 yana iya kaiwa ɗaurin shekara 7 tare da tara, sashe na 78 kuma ya ba kotu damar sa mai laifi ya biya wanda ya cuta. Idan a kotun shari'a aka gurfanar da shi, tunda Kano tana da dokar laifuffuka ta shari'ar Musulunci tun 2000, akwai maganar diyya, kuma diyyar haƙorin da aka cire raƙuma 5 ce ko ƙimarsu. Sarƙar kuwa, sayar da abin da aka ba ka ajiya cin amana ne a sashe na 311 na Finalkod, hukuncinsa na 312. Aure bai mayar da dukiyar mace ta miji ba. Abin da zai yi ƙoƙarin cewa shi ne kyauta kika ba shi ko rance, don haka ki tuno wanda ya san da ajiyar, ki adana duk saƙon waya ko na WhatsApp da kuka yi a kanta. Idan mai karatu a Kaduna yake, sai ya lura cewa jiharsu ta sake rubuta nata Finalkod ɗin a 2017, lambobin sassan sun canza.

Ki kai rahoto caji ofis na unguwar da abin ya faru, ki tafi da wani babba namiji ko mace daga danginki, ki tambayi teburin da ke kula da ƙararrakin mata da yara. Za a haɗa ki da ɗan sanda mai bincike, ki rubuta sunansa da lambarsa. Idan shi ya rubuta bayaninki da Turanci, ki ce a karanta miki da Hausa kafin ki sa hannu. Ki faɗi abin da ya faru kawai. Kada wani ya zuga ki ki ƙara cewa ya zaro wuƙa in bai zaro ba, domin ba wa hukuma bayanin ƙarya laifi ne, kuma ƙarya ɗaya da aka kama tana rusa gaskiya goma. Bayan bincike 'yan sanda za su rubuta takardar tuhumar farko, su kai shi gaban majistare ko alƙali, a karanta masa. In ya musa, sai a sa ranar kawo shaidu.

Yana yiwuwa a caji ofis a ce miki wannan maganar gida ce, ku je ku sasanta. In haka ta faru kina da hanya biyu. Ko a rubuta takardar koke zuwa ga kwamishinan 'yan sanda a hedikwatarsu da ke Bompai, a haɗa da kwafin rahoton likita, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ko kuma ki shigar da ƙara kai tsaye a kotun majistare, irin waɗanda ke Gidan Murtala ko Nomansland, abin da tsarin shari'ar laifuffuka na Arewa ya daɗe da yarda da shi. Majistare zai saurare ki, ya aika masa sammaci, ko ya umarci 'yan sanda su bincika su kawo rahoto. Umarnin da ya fito daga kotu ba a jefa shi a durowa kamar koken talaka. A wannan hanya ta biyu kam ina ba ki shawarar samun lauya. Idan babu hali, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, duk suna da ofis a Kano.

Ki shirya wa abu biyu. Za a ba shi beli, watakila a ranar, kuma wannan ba ya nufin an sayar da shari'arki, haƙƙinsa ne a irin wannan tuhuma. In ya fito ya yi miki barazana, wannan sabon laifi ne, ki sanar da mai gabatar da ƙara a gaya wa kotu, tana iya soke belin. Na biyu, daga ranar da 'yan sanda suka kai shi kotu, ke shaida ce, gwamnati ce mai ƙara. Za a ɗage zama sau da yawa, kuma in kika daina zuwa kotu za ta kori ƙarar a sallame shi. Maƙwabtan da suka ji ihunki su ma sai kin lallaɓa su, domin mutanenmu suna gudun kotu.

Barazanar kama mahaifinki kuwa, ki kwantar da hankalinsa. Lefen da aka kawo aka yi aure aka zauna shekara 9 ya zama naki, kuma shi ya yi sakin da kansa. Ko da suna da wata da'awa ta kuɗi, maganar alƙali ce. Dokar 'yan sanda ta 2020 a sashe na 32 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a cikin birnin Kano babu inda bai cika wannan ba. Beli a caji ofis kyauta ne a doka, kuma mace tana iya tsaya wa mutum. In aka tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 46 na kundin ya ba shi damar zuwa babbar kotu ya nemi a sake shi a kuma biya shi diyya.

Na san manya za su shigo, kuma ban hana sulhu ba. Uban 'ya'yanki ne, kuma wanda ke gidan yari ba ya kawo kuɗin cefane. Hukumar Hisba, wadda Kano ta kafa da doka a 2003, tana sasanta irin wannan kullum, kuma sau da yawa ta fi kotu sauri. Sai dai Hisba ba kotu ba ce, alkawarin da aka yi a gabanta in an karya sai an koma wajen alƙali. Don haka duk abin da aka daidaita, a rubuta shi dalla-dalla: yara sun dawo hannunki, nawa ne ciyarwa a wata kuma ranar nawa ga wata, kuɗin gyaran haƙori, nauyin gwal ɗin da za a biya da farashin ranar biya. A kai takardar gaban alƙali ya mayar da ita hukuncin kotu. Sai yara sun kwana a ɗakinki kuma hukuncin yana hannunki sannan ki yi maganar janye ƙarar duka, wadda ita ma sai da izinin kotu. Matar da ta janye a kan alkawarin baki, ba kasafai take ganin cikawa ba.

In an yanke hukunci, ki nemi kwafinsa mai hatimi nan take. Idan ya ƙi bi, kotun da ta yanke za ki koma ki nemi a zartar, tana da ikon kama dukiyarsa. Idan ke hukuncin bai yi wa daɗi ba, kina da kwana 30 ki ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga can zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya ba ta hurumin aure, saki da riƙon yara. Ki kuma lura ko alƙali ya yi i'izari kafin ya yanke, wato ya tambayi kowannenku ko yana da sauran hujja. Hukuncin da aka yanke babu i'izari kotun sama tana rushe shi, don haka ko ke kika yi nasara, amfaninki ne a ce an tambaye shi kuma an rubuta amsarsa a littafin kotu.